Gidan gumagumai a bakin tafki: ta ƙafa yake fara mutuwa

Wanda ya saba kallon hotunan tsofaffin gidajen gumagumai na ƙasashen sanyi, irin waɗanda ke bakin tafkunan Finlan da Suwidin da arewacin Rasha da Kanada da jihar Minnesota ta Amurka, zai lura da wasu abubuwa biyu da suke yawan maimaituwa. Na farko, gidan yakan durƙusa ta gefe guda, kamar raƙumin da ya fara lanƙwasa gwiwa zai kwanta, alhali gumaguman da ke sama kusa da rufi suna nan garau. Na biyu, da yawa daga cikinsu bayansu ya nutse cikin tudu, har mutum zai iya gangarowa daga kan tudun ya taka rufin ba tare da ya nemi tsani ba. Me ya sa gidan da aka gina da itace mai kauri haka yake lalacewa daga ƙasa? Me kuma ya sa mutanen da suka fi kowa sanin halin itace suka ɗauki itacen suka cusa shi cikin ƙasa mai danshi da hannunsu?

Amsar da za ta fara zuwa bakin kowa ita ce ruwa. Gida a bakin tafki, dole ruwa ya ci shi. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ta cika ba, kuma hujjar rashin cikarta tana nan kusa da mu. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a kusa da ƙauyen Dufuna, a jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da itace a zurfin kimanin mita 5. Da masana suka tono shi a 1994, sai ga kwalekwale mai tsawon fiye da mita 8, wanda gwaji ya nuna ya kai shekara 8,000 a duniya. Shekara dubu takwas yana kwance cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, bai zama taki ba. Haka ma a Turai: a hunturun 1853 zuwa 1854 ruwan tafkin Zurich na Suwizalan ya ja baya sosai, sai ga turakun itace sun bayyana a cikin taɓo, ragowar ƙauyukan da mutanen dā suka kafa a bakin ruwa dubban shekaru da suka shuɗe. A yau wurare 111 irin waɗannan a ƙasashe shida da ke kewaye da duwatsun Alps suna cikin jerin kayan tarihin duniya na UNESCO. Ashe itacen da ya nutse gaba ɗaya ba ya ruɓewa da wuri. Wanda ya bushe ƙayau shi ma ba ya ruɓewa. Wanda ke tsakani, yau ya jiƙe gobe ya ɗan sha iska jibi ya sake jiƙewa, shi ne abin tausayi.

Dalili shi ne ruɓewa aikin wani abu ne mai rai. Dangin funfuna ne da naman kaza, masu zaruruwa sirara da ido ba ya gani, suke shiga jikin itace suna cin sa. Abubuwa huɗu suke nema: abinci, wato itacen kansa, da iska, da ɗumi, da danshi. A ƙarƙashin ruwa ko cikin taɓo iska ba ta ishe su ba, shi ya sa kwalekwalen Dufuna ya tsira. A tsakiyar hunturu sanyi yana tsayar da su, amma ba ya kashe su. Barci kawai suke yi. Da zarar ɗumi ya dawo, musamman tsakanin digiri 20 zuwa 30, sai su ci gaba daga inda suka tsaya. Saboda haka abu ɗaya tak mai gida yake da iko a kansa, shi ne danshi. Masana itace sun daɗe da auna wannan: idan ruwan da ke jikin katako bai kai kashi 20 cikin 100 na nauyinsa busasshe ba, funfunar ba ta iya komai. Idan ya haura kusan kashi 30 ya daɗe a haka, to an shimfiɗa mata tabarma. A ƙasarmu babban abokin gaban itace gara ce. A Karelia, yankin da ke tsakanin Finlan da Rasha, ko a jihar Alaska ta Amurka babu gara, sanyi ya hana ta zama. Wannan funfunar ce garar su, ita kuwa ba ta yin shuri balle a gan ta a tare ta.

A tsuguna a gindin irin wannan gida a duba gungumen da ya fi kowanne kusa da ƙasa, wanda sauran duka suke zaune a kansa. Daga waje launinsa toka-toka ne, da tauri kamar ba abin da ya same shi, domin rana da iska suna busar da fatarsa. A sa tsinin wuƙa a danna. Za ta ɗan yi gardama a farko, sannan ta faɗa ciki zuruf har ƙota. Idan aka ɓantaro wurin, abin da zai fito launin ƙasa-ƙasa ne, ya tsattsage gida-gida kamar gawayin da ya ƙone sosai, kuma in aka murza shi da yatsa sai ya zama gari. Funfunar ta cinye zaruruwan da ke ba itace ƙarfi ta bar ɓawon banza. Sau da yawa za a ga manyan baƙaƙen tururuwa suna fitowa a guje da ƙwayayensu. Mutane sukan ɗora musu laifin, amma su ba sa cin itace. Rami kawai suke yi a inda danshi ya riga ya tausasa musu. Ganin su alama ce cewa ɓarnar ta daɗe.

Ta ina ruwan yake isa ga wannan gungume na ƙasa? Ta ko'ina. Idan an ɗora shi kan ƙasa kai tsaye, yana tsotsar laima dare da rana. Idan rufin bai fito sosai ba, ruwan da ke zubowa daga bakinsa yana dukan ƙasa ya fallatso kan bango, kuma layuka biyu ko uku na ƙasa su ne ke shan wannan fallatsin duk lokacin da aka yi ruwa. Da hunturu dusar ƙanƙara tana taruwa ta jingina da bango, har ta kai taga, ta yi watanni a haka. Da ta fara narkewa sai ta riƙa shayar da itacen a hankali, daidai lokacin da ɗumi ke tayar da funfuna daga barci. Ga kuma ganyayen da iska ke tarawa a gindin bango shekara bayan shekara, suna ruɓewa suna zama ƙasa, har wata rana a tarar ƙasa ta hau ta binne gungumen da a dā yake sama da ita.

Akwai kuma raunin da ke jikin gungumen kansa. Itace tarin bututu ne sirara da suke tafiya a tsaye, waɗanda bishiya take jan ruwa da su daga saiwa zuwa ganye. Idan aka sare ta, bakin bututun yana nan a buɗe a wurin yankan, kuma ta nan ruwa yake shiga da sauri ninkin-ba-ninkin fiye da ta gefe. To a gidan gumagumai kowace kusurwa cike take da irin waɗannan bakuna, domin a nan ne gumaguman suke haɗuwa su sarƙe, kawunansu su leƙo waje. Kawunan da suka zarce inuwar rufi su ne farkon tafiya. Bayan haka, gungume yana tsagewa idan yana bushewa. Tsagar da ke kallon ƙasa ba ta da illa sosai. Wadda ke kallon sama kuwa kwatami ce: ruwa ya shiga ya kwanta, ya sami hanya har zuciyar itacen, rana ba ta kai gare shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, in ji masu iya magana, kuma a nan maganar ba ta buƙatar fassara.

Tafki yana ƙara wa duk wannan nauyi. Ruwan ƙarƙashin ƙasa a bakinsa yana kusa da sama, ƙasar ba ta cika tsanewa ba. Da asuba hazo yana tashi daga kan ruwa ya lulluɓe gaɓa, raɓa ta kwanta kan bango. Iska tana ratso faɗin tafkin babu abin da ya tare ta, ta watsa ruwan sama a kaikaice kan bangon da ke fuskantar ruwa. Bayan gidan kuma yawanci daji ne mai duhu, inda rana ba ta sauka, gansakuka ta kama rufi ta riƙe laima kamar soso. Har ƙanƙarar da ke rufe tafkin tana da nata rabon: takan buɗe ta matso gaɓa da ƙarfin da ke ture duwatsu, shi ya sa ɗakin ajiye kwalekwale, wanda ƙafafunsa ke cikin ruwa, kusan kullum shi ne ke riga sauran gine-gine rushewa. Turakunsa kuwa ba a can ƙasan ruwa suke cinyewa ba, sai daidai inda ruwa da iska suke haɗuwa.

Ƙasar ma ba ta zama wuri ɗaya. Ruwa idan ya daskare yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100, kuma a ƙasa mai laushi ƙanƙarar da ta fara haɗuwa tana ci gaba da jawo ruwa daga ƙasa tana kauri, har ta ɗaga duk abin da ke kanta. A arewacin Minnesota dokar gini ta yau ta ce a kai harsashi zurfin inci 60, wato kimanin mita ɗaya da rabi, don a wuce inda sanyi ke kaiwa. Mutumin da ya gina ɗakinsa a 1870 da gatari da shebur bai yi wannan haƙa ba. Duwatsu huɗu ya ajiye a kusurwoyi. Kowace shekara sanyi ya ɗaga su, ɗumi ya sauke su, kuma ba sa komawa daidai inda suke. Gidan ya ɗan karkace, haɗin kusurwa ya buɗe, rufi ya sami kafa. Ƙari a kan haka, ɗanyen gungume yana tsukewa idan ya bushe, har bango yakan ragu da kusan kashi 6 cikin 100 na tsayinsa a shekarun farko. Maginin da ya sani yakan bar sarari a saman ƙofa da taga saboda wannan zaman. Wanda bai sani ba, ko bai da lokaci, sai bangon ya rataye a kan ginshiƙin ƙofa, gibi ya buɗe tsakanin gumagumai.

Kada a ɗauka mutanen can ba su gane wannan ba. Sun gane tun da daɗewa, kuma tarihin gininsu ya nuna lokacin da suka gane. Majami'un katako na farko a Nowe an kafa ginshiƙansu ne cikin rami, kamar yadda ake kafa dirkar rumfa, kuma duk sun ruɓe, sai ramukan kawai masu tono suke samu. Daga baya sai magina suka ɗaga ginin gaba ɗaya suka ɗora shi kan gadon katako, gadon kuma kan duwatsu. Majami'ar Urnes da aka gina wajen 1130 a wannan tsari tana tsaye har yau a bakin ruwa. Ɗakin ajiyar hatsinsu, da suke kira stabbur, a kan ƙafafu yake, iska tana wucewa ta ƙarƙashinsa. Duk Bahaushen da ya tashi a karkara ya san wannan dabara, domin ba a ajiye rumbu a ƙasa, sai a kan duwatsu, kuma ba a yin soro babu indararon da zai jefa ruwa nesa da bango. Sun kuma iya zaɓen itace. Farin ɓangaren da ke kusa da ɓawo shi ne abincin funfuna. Jar zuciyar da ke tsakiya, mai cike da ƙaro, ita ce mai jimiri. A Nowe sukan sassabe bishiyar fayin, mai ganye kamar allura, tun tana tsaye su bar ta shekaru, domin ƙaro ya cika jikinta kafin a sare. Bayan an gina a shafe bango da kwaltar da ake tatsa daga itacen fayin ɗin, a shimfiɗa ɓawon bishiyar birch a rufi, wanda ruwa ba ya ratsa shi, sannan a danne da ƙasa mai ciyawa.

Sai dai wannan duka aiki ne na mai lokaci, kuma mafi yawan gidajen da muke gani a durƙushe ba masu lokaci suka gina su ba. Mafarauta ne masu ɗana tarko, da masu saran itace na kamfani, da masunta, da baƙin da suka iso wuri sanyi na bin su a baya. Sun sare abin da ke kusa, ɗanye, da ɓawonsa, sun ɗora a ƙasa, sun shiga kafin ƙanƙara ta sauko. A zuciyarsu ɗakin na shekara biyar ne ko goma, kafin a sami halin gina na gaske ko a tashi. Idan irin wannan ɗaki ya faɗi bayan shekara arba'in, ai ya biya bashinsa har da riba. A kwatanta shi da na Richard Proenneke, mutumin da ya zauna shi kaɗai kusan shekara 30 a bakin tafkin Twin Lakes na Alaska. A 1967 ya je ya sare itatuwansa, ya ɓare su, ya jera su ya tafi. Sai a 1968 ya dawo ya yi gini, bayan sun sha iska shekara guda, kuma kafin ya ɗora gungume na farko sai da ya kwaso tsakuwa daga bakin tafki ya shimfiɗa, don ruwa ya riƙa tsiyayewa. Ya bar wurin a 1999, kuma ɗakin yana nan ƙarƙashin kulawar hukumar gandun daji ta Amurka.

Yanzu ga maganar tudu, wadda ita ta fi taɓa ni, domin labarin talauci ne fiye da labarin gini.

A Suwidin akwai kalmar backstuga, ma'anarta ɗakin tudu. Gidan marasa gona ne: tsofaffin da ƙarfinsu ya ƙare, da gwauraye, da 'yan ƙodago, waɗanda mai ƙasa ya bari su raɓa a wani gefen da ba ya nomuwa. Yawansu ya ƙaru sosai a ƙarni na 19, lokacin da jama'a suka yi yawa gonaki suka yi kaɗan. Mafi talaucinsu sukan haƙa cikin gangaren tudu, ƙasa da duwatsu su zama bangon baya da na gefe, sai fuska kawai a yi da itace, a sa ƙofa da 'yar taga. Dajin na mai ƙasa ne, itacen gini ba kyauta ba ne, saboda haka duk bangon da tudu ya ɗauke wa mutum, kuɗi ne da bai da su aka yafe masa. Da yunwar 1867 zuwa 1869 ta auka wa Suwidin, bayan ta Finlan da ta fara a 1866, mutane suka yi ta kwarara Amurka. A jimlace sama da mutum miliyan ɗaya suka bar Suwidin zuwa can, daga Nowe kuma kimanin 800,000. Dokar rabon filaye ta Amurka ta 1862 ta yi wa kowane magidanci alkawarin eka 160, da sharaɗin ya gina wurin zama ya kuma noma filin shekara biyar. Da yawansu suka nufi Minnesota da Wisconsin, ƙasar tafkuna irin wadda suka baro. Minnesota kaɗai tana da tafkuna fiye da 11,000. Ba sabon abu suka ƙirƙiro a can ba. Gidan da suka sani a gida shi suka haƙa.

A sa kai a matsayin magidancin da ya iso filinsa a watan Satumba da mace da 'ya'ya, da gatari ɗaya, babu doki babu maƙwabci. Ɗaga gungume mai tsawon mita biyar zuwa saman bango aikin mutum uku ne ko huɗu. Amma idan ya haƙa cikin gangare, rabin bangon ya samu da shebur, sauran gumaguman kuma zai iya mirgino su daga saman tudu su sauka inda yake so. Ga kuma ɗumi. Iskar waje tana iya sauka digiri 30 ƙasa da sifili, amma ƙasar da ke ƙarƙashin inda sanyi ke kaiwa tana zama a 'yan digiri sama da daskarewa duk shekara. Bangon da ke jingine da ita ba ya zubar da zafi kamar wanda iska ke duka, kuma ba shi da kafar da sanyi zai kutso. Itacen wuta da zai ƙare a wata biyu sai ya kai uku. Sukan zaɓi gangaren da ke kallon kudu, domin a can rana ta kudu take ratsawa da hunturu, tudun kuma ya tare musu iskar arewa. Sukan kuma ɗan hau sama da gaɓa, ba su sauka ƙasa sosai ba, saboda ambaliyar bazara da kuma sanyin dare da ke gangarowa ya taru a kwari. Tafkin yana ba su kifi da ruwan sha da hanya, kwalekwale da rani, tafiya kan ƙanƙara da hunturu, tudun kuma yana ba su mafaka.

Ba duk abin da aka haƙa cikin tudu ne wurin kwana ba. Da yawa rumbunan dankali ne da kabeji da madara, inda ake so abinci kada ya daskare da hunturu kuma kada ya lalace da zafi. Wasu kuma ɗakunan ƙanƙara ne. Kafin zuwan firji, mutane sukan yanka ƙanƙarar tafki da zarto manya-manya kamar tubali, su ja ta zuwa wani ɗaki da aka tura cikin tudu, galibi ta gefen da rana ba ta bugawa, su binne ta cikin garin katako, ta kai su har ƙarshen zafi. Irin wannan ɗaki kullum a jiƙe yake da ruwan narkewa, don haka ba ya tsufa da kyau.

Kuɗin wannan ɗumi kuwa bangon baya ne yake biya. Duk ruwan da ya sauka a kan tudu ƙasa yake nema, yana bi ta cikin ƙasa a hankali har ya ci karo da bangon, ya tsaya. Itacen da ke wurin yana cikin yanayin da funfuna ta fi so: laima ba yankewa, iska daidai gwargwado, ga ɗumin murhu daga ciki. Ƙasar kuma tana turo shi da nauyinta, sanyi yana ƙara mata ƙarfi kowace shekara, har bangon ya yi ciki ya faɗo cikin ɗaki. Shi ya sa yau a wurare da yawa abin da ya rage na irin waɗannan gidaje rami ne kawai a jikin gangare, da 'yan duwatsun murhu. Waɗanda suka daɗe su ne waɗanda aka yi wa ɓangaren da ke cikin ƙasa da dutse, aka ɗora gumagumai daga inda ƙasa ta ƙare, aka kuma ja lambatu a baya don ya karkatar da ruwa. A ganina kuskure ne a kalli ramin a ce maginin bai iya ba. Ya san itace a ƙasa ba ya daɗewa. Lissafinsa shi ne 'ya'yansa su ga bazara, kuma a wannan lissafi bai faɗi ba.

Wani abin baƙin ciki shi ne gidaje da yawa da suka tsallake shekara ɗari, gyara ne ya ƙarasa su. Mutanen dā sukan toshe tsakanin gumagumai da gansakuka ko yumɓu ko farar ƙasa, abubuwan da ke shan ruwa su kuma sake shi. Jikoki suka zo suka cike wurin da siminti, wanda ba ya motsi tare da itace. Sai ya rabu da shi ya bar 'yar kafa, ruwa ya shiga ya rasa hanyar fita. Wasu suka shafe bango da fenti mai kauri, ya kulle laimar a ciki. Masu kuɗi ma ba su tsira ba. A yankin Adirondack na jihar New York, inda William West Durant ya fara gina gidajen hutu na attajirai a bakin tafkin Raquette tun 1877, ado ne a bar itace da ɓawonsa don ya yi kama da daji. Ƙarƙashin ɓawo kuwa nan ne ƙwari masu huda itace suke yin ƙwai, nan ne laima take ɓuya.

Amma babban abin da ke kashe gidan gumagumai shi ne a wayi gari babu kowa a ciki. Gidan da ake hura wuta a cikinsa kullum yana bushewa daga ciki. A tsofaffin ɗakunan Finlan da Karelia marasa bututun hayaƙi, hayaƙin yakan cika saman ɗaki ya shafe itacen da baƙi, ƙwaro ba ya son wurin. Mai gida yana kwashe dusar ƙanƙara daga gindin bango, yana sare reshen da ya rufe rana, yana ganin ɗigon farko ya toshe shi. Kuma ginin kansa an yi shi ne don a riƙa canja masa gaɓoɓi: a Rasha da Finlan sanannen aiki ne a ɗaga gida a zare gumaguman ƙasa da suka mutu a sa sababbi, sau ɗaya a rayuwar mutum ko makamancin haka. Ranar da aka daina wannan, agogo ya fara bugawa. Gidan hutu na Santanoni, wanda attajirin banki Robert Pruyn ya gina a bakin tafkin Newcomb a 1892 zuwa 1893, ya koma hannun gwamnatin jihar New York a 1972. Tsarin mulkin jihar ya ce dajin gwamnati ya zauna daji har abada, saboda haka aka yi kusan shekara 20 ba a san yadda za a yi da ginin ba, yana ta lalacewa, sai da mutanen garin da masu kishin tarihi suka matsa aka fara gyara.

Wurin da ya fi nuna duka wannan a fili shi ne tsibirin Kizhi, a tsakiyar tafkin Onega na Karelia, tafki na biyu a girma a nahiyar Turai. A can akwai majami'ar da aka gina a 1714 da gumaguman fayin, tsayinta mita 37, da ƙubbobi 22 da aka lulluɓe da ƙananan allunan itacen aspen. Bangonta sarƙe yake babu ƙusa, kuma da gatari aka yi aikin. Maginan yankin sun yi imani cewa gatari yana danne bakin bututun itace ya rufe shi, zarto kuwa yaga shi yake yi ya bar shi a buɗe. Tarin ƙubbobin da rufin da ke hawa-hawa ba ado kaɗai ba ne, kowane mataki yana karɓar ruwa ya miƙa wa na ƙasa da shi har ya fita nesa da bango, kuma a ciki an yi wani rufi na biyu a ɓoye da zai tare abin da ya ɗigo. Duk da wannan hikima, ginin ba shi da harsashi mai zurfi. A ƙarni na 19 aka lulluɓe shi da allunan katako aka sa wa ƙubbobin ƙarfe. A shekarun 1950 masu gyara ƙarƙashin Alexander Opolovnikov suka cire su don a dawo da kamanninsa na asali. Gumaguman suka ci gaba da ruɓewa, ƙwari suka shiga, bango ya fara karkata. A 1980 aka rufe majami'ar, aka kafa ƙarafa a cikinta don su riƙe ta kada ta zube.

An yi shekaru ana gardamar yadda za a cece ta, domin masu ruɓewar suna ƙasa, nauyin duka yana kansu. Abin da aka yi a ƙarshe shi ne dabarar manomin Karelia, sai dai a kan gini mai girma sosai. Aka raba ginin hawa bakwai. Aka ɗaga na sama da injinan ɗagawa ya rataye a kan ƙarafa, aka warware hawan ƙasa gungume bayan gungume, kowanne da lambarsa, aka kai su wani babban ɗakin aiki a tsibirin. Kafintoci suka duba kowane ɗaya: wanda ke da rai aka yanke ruɓaɓɓen wurin aka yi masa ƙari da sabon itace, wanda ya mutu aka sassaƙa madadinsa da gatari. Aka gina sabon harsashi, aka mayar da hawan, sannan aka koma na samansa. Haka aka yi ta hawa har ƙubba ta ƙarshe, kuma mafi yawan gumaguman 1714 sun koma mazauninsu. A 2021 aka sake buɗe ƙofar majami'ar ga jama'a, bayan shekara 41 tana rufe.